Ba a Auna Hujja da Mudun Hadda

'Yan uwa malamai, akwai wata sabuwar waƙa da ta cika bakin masu tsara ilimi a ƙasar nan. Duk taron bitar da aka kira mu, duk takardar da ta sauko daga Abuja ko daga Kano, maganar ɗaya ce: wai zamanin da malami zai tsaya gaban allo yana ɗura wa ɗalibai karatu ya wuce, yanzu sai koyo ta hanyar warware matsala, sai kaifafa tunani, sai iya kafa hujja. Mu a wannan reshe ba mu da ja a kan manufar. Jayayyarmu tana kan mudun da ake awo da shi. Jami'o'i da kwalejojin ilimi suna shelar cewa suna koya wa 'ya'yanmu tunani, amma ranar jarrabawa hadda suke aunawa, su ba ta maki, su buga mata hatimi, sannan su turo mana ita makarantunmu da sunan ƙwararren malami. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma mu da yaran Kwanyawa da na sauran ƙauyukan Ƙaraye da Rogo ne muke biyan kuɗinsa.

Wani zai ce ina ruwan malamin firamare da na sakandare da yadda jami'a ke jarraba ɗalibanta. Ruwanmu ne ta fuska uku. Yaran da muka koya wa baƙi da wasali su ne ke zaune a waɗancan ɗakunan lacca, iyayensu kuwa dawa da masara da awaki suka sayar suka biya musu kuɗin rajista. Su ne kuma ke dawo mana koyarwar gwaji, daga baya su zama abokan aikinmu da 'yan ƙungiyarmu. Sannan idan aiki ya ɓaci, ba wanda ke tuhumar mai ba da takardar shaida. Mai riƙe da alli ake kamawa. Ba mu manta da Kaduna ba. A 2017 gwamnatin jihar ta ce malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun kasa cin kashi 75 cikin ɗari a gwajin da ta yi musu, ta sallame su, har ƙungiyarmu ta shiga yajin aiki a Janairun 2018. Mafi yawansu takardun kwaleji ko na jami'a suke riƙe da su. Ba mu ji an kira ko da cibiya ɗaya da ta sa hannu a kan waɗannan takardu ta zo ta yi bayani ba.

Abin da aka aro, da abin da aka baro

Koyo ta hanyar warware matsala yana da asali sananne. Makarantar likitanci ta Jami'ar McMaster da ke Kanada ce ta fara shi a 1969, Maastricht ta ƙasar Holan ta bi sahu a 1974. Tsarinsa shi ne a haɗa ɗalibai ƙalilan, a ajiye musu matsala irin wadda za su tarar a bakin aiki tun kafin a yi musu lacca a kanta, su tantance abin da suka sani da abin da ba su sani ba, kowa ya tafi ya yi bincike, su dawo su gwada abin da suka samo, malami yana gefe yana jan akala. A nahiyarmu ma ba baƙo ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1970 Jami'ar Ilori take tura ɗaliban likitanci su zauna cikin ƙauyuka su nazarci cututtukan jama'a a inda suke. Jami'ar Nazarin Ci Gaba da ke Tamale a Gana, wadda aka kafa a 1992, ta ware zango na uku na shekara domin ɗalibanta su tare a karkara su yi aiki kan matsalolin mutanen wurin.

Waɗanda suka ƙirƙiro tsarin sun gane tun da wuri cewa ba zai rayu da tsohuwar jarrabawa ba. Shi ya sa a McMaster suka fito da wani gwaji mai hawa uku. A hawa na farko ɗalibi zai zauna da mai jarrabawa, a ba shi matsalar da bai taɓa gani ba, ya faɗi abin da yake zato da dalilinsa da bayanin da yake buƙata. A na biyu a sake shi na wani ƙayyadadden lokaci ya je ya nemo. A na uku ya dawo ya faɗi matsayarsa, ya kare ta, ya kuma nuna inda binciken ya sa ya sauya ra'ayi. Ana ba shi maki kan hanyar da ya bi, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba. Mu kuwa sai muka aro sunan tsarin muka baro ma'auninsa a can.

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar da ake kira CCMAS, inda ita ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Ƙungiyar ASUU ta soki wannan rabo, tana ganin an yi wa 'yancin jami'o'i kutse, aka yi ta kai ruwa rana. Amma duk zafin muhawarar a kan abin da za a koyar ya tsaya. Batun yadda za a auna shi bai samu ko rabin wannan kulawa ba. Cikin darussan da manhajar ta wajabta wa kowa akwai na falsafa da manɗiƙi, mai lamba GST 212, wanda aka sa domin ɗalibi ya iya rarrabe hujja ingantacciya da gurguwa. To, a jami'o'i da dama irin waɗannan darussa na bai-ɗaya da jarrabawar canki-canka ake kammala su a gaban kwamfuta. Yaron da ya shigo ta canki-cankar JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, zai ci darasin manɗiƙi da canki-canka, in ya gama ya nemi lasisin koyarwa daga hukumar TRCN da canki-canka. Yana iya ratsa dukan wannan tafiya ba tare da wani ya taɓa tsare shi ya ce: "Wannan magana da ka faɗa, mene ne dalilinka?" ba.

Kowane malami ya san ɗalibi ba manhaja yake karantawa ba, jarrabawa yake karantawa. Idan ka ce masa ka yi tunani, amma ya ga wanda ya haddace handawut ya amayar da shi ne ke samun A, to ya ji abin da ka faɗa, ya kuma ga abin da kake nufi, kuma gani ya kori ji. A irin wannan hali aikin rukuni yakan koma wasa: mutum biyu su rubuta, takwas su biya kuɗin buga takarda, a raba maki ɗaya ga mai gumi da cima-zaune. Kundin kammala digiri, wanda ya kamata ya zama babbar shaidar cewa ɗalibi ya iya bincike, ya daɗe da zama haja a shagunan kwamfuta da ke bakin ƙofofin makarantu. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 kuwa, ko kuɗin shagon ma an huta. Aikin gida da aka rubuta ba a gaban kowa ba ya daina zama shaidar komai.

Sakamakon yana zuwa har ajinmu. Muna karɓar matasa masu ladabi da ƙoƙari, masu kyakkyawan sakamako, waɗanda za su jero maka matakan Bloom shida ba tuntuɓe, amma idan yaro ɗan aji biyar ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya sa?", sai ka ga ido ya raina fata. Wani ya maimaita abin da ke littafi da ƙarfi, wani ya ɗauki tambayar a matsayin raini ya nemi bulala. Ba mu ganin laifinsu. Abin da aka shuka a cikinsu shi ya tsiro.

Ana iya auna hujja

Babbar mafakar masu kare halin da ake ciki ita ce wai tunani ba ya aunuwa. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali ya san haka. Alƙali ba ya ba mutum gaskiya don ya iya zuba zance. Yana tambayar mai da'awa abin da yake da'awa, ya nemi shaidunsa, ya duba ko shaidar ta hau kan da'awar, ya ba ɗaya ɓangaren damar suka. Masanin falsafa ɗan Ingila, Stephen Toulmin, a littafinsa na 1958, daga zaman kotu ya ɗauko fasalin da ake amfani da shi yau wajen nazarin hujja: da'awa, da shaidar da ta dogara a kai, da igiyar da ta ɗaure shaidar da da'awar, da madogarar ita igiyar, da iyakar da'awar, da kuma halin da zai iya rushe ta. Kowane ɗaya daga cikinsu ana iya neman sa a takardar ɗalibi, a same shi ko a rasa.

Mu ɗauki misali daga ƙofar gidanmu. Madatsar ruwa ta Challawa tana nan cikin ƙasar Ƙaraye, an kammala ta a 1992. Ita da ta Tiga, wadda ta riga ta tun 1974, su ke riƙe da akalar ruwan da ke gangarawa kogin Haɗeja. Masunta na wannan yanki suna son tafkin ya zauna a cike. Manoman rani suna son ruwa a lokacin da suke buƙata. Birnin Kano yana sha daga abin da ake saki. Can ƙasa kuwa, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da manoma da makiyaya da masunta suka dogara da ita ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. A ce an ba ɗaliban labarin ƙasa ko na aikin gona taswira, da jadawalin ruwan sama, da bayanan waɗannan ɓangarori, aka ce kowa ya rubuta shafi ɗaya: wace shawara za ka ba Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are game da lokacin sakin ruwa da yawansa?

Ɗalibi na farko ya kawo ma'anar madatsa, da shekarar da aka gina ta, da amfaninta biyar, da illolinta biyar, ya rufe da cewa ya kamata gwamnati ta duba lamarin. Duk abin da ya faɗa daidai ne, amma bai yanke komai ba. Na biyu ya ce ruwan na mutanen Ƙaraye ne, a kan gonakin iyayensu aka tara shi, don haka kada a saki ko ɗigo sai sun ƙoshi. Ya ɗauki matsaya, amma bai taɓa jadawalin da aka ba shi ba, bai kuma san da zaman mutumin Nguru ba. Ta uku ta ce a riƙa sakin ruwa mai yawa a lokacin da kogin ya saba cika, a rage shi sosai a wani ɓangare na rani. Shaidarta daga takardun da aka ba ta ne. Igiyarta ita ce kacalla tana bunƙasa ne inda ruwa marar zurfi ya kwanta shekara zagaye, noman fadama kuwa yana buƙatar ruwan da zai zo ya janye. Ta ƙayyade cewa shawararta ta shekarar da damina ta yi kyau ce. Ta kuma amsa cewa masuntan tafki da masu shan ruwa a birni za su iya cutuwa, ta faɗi adadin da ba a ba ta ba, wanda in ta same shi ya saɓa wa zatonta za ta janye.

A mudun da ake awo da shi yau, na farko ne zai zo na ɗaya, domin duk abin da ke cikin takardar amsoshin malami ya kawo. Ta uku ma tana iya faɗuwa, don ba ta jero amfani biyar ba. Amma a ce maki ashirin ne, aka raba shi tun kafin jarrabawa kowa ya sani: biyu ga bayyana matsaya, biyar ga ingancin shaida, biyar ga ɗaure shaida da matsaya, biyar ga fuskantar hujjar abokin hamayya a mafi ƙarfin siffarta, uku ga sanin iyakar magana. Malamai biyu da suka duba takardun nan uku, kowa a ɗakinsa, da wuya su saɓa kan wadda ta fi. Kuma lura, ba a ba ta maki don ta dace da ra'ayin malami ba. Wanda ya ɗauki kishiyar matsayarta, ya kare ta da irin wannan tsari, makinsu ɗaya.

Ɗaliban tsangayar ilimi ma ga irin tasu. Makaranta ce a ƙauye, 'yan mata suna raguwa daga aji huɗu zuwa shida. Hedimasta ya ce talla ce, kwamitin iyaye ya ce rashin makewayi ne da rashin malama mace, rajista kuma ta nuna watannin da fashin ya fi yawa. Wane bayani ne rajistar ta fi goyon baya, me kuma za ka fara yi da ɗan abin da ke hannunka? Wanda ya iya wannan, mun yarda a ba shi aji.

Uzurorin da ake kawowa

Na farko shi ne yawan ɗalibai. Lakcara zai ce yana da mutum ɗari biyar ko dubu a darasi ɗaya, yaushe zai karanta hujjar kowa. Wannan kuka gaskiya ne, kuma ba mu ne za a koya wa shi ba, mu da manufar ilimi ta ƙasa ta ce a ba mu yara 35 a aji amma muke tsayawa gaban ɗari. Mun san cewa cunkoso da ƙarancin ma'aikata suna cikin abin da ya sa ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki a 2022. Sai dai cunkoso dalili ne na neman ƙarin malamai. Ba ya halatta a rubuta a takarda cewa an koyar da abin da ba a auna ba. Kuma abin da muke nema bai kai yadda ake kururuta shi ba. Shafi ɗaya da aka rubuta a cikin aji, sau biyu a zango, ya fi aikin gida mai shafi ashirin da ba a san marubucinsa ba. Ɗaliban digiri na biyu da na uku suna iya taya dubawa idan an horar da su kan ma'auni, aka kuma biya su. A aikin rukuni, tambayar baka ta minti biyar ga kowane ɗalibi ta isa ta raba aya da tsakuwa. Idan ba za a iya a aji ɗaya da aji biyu ba, ina uzuri a aji uku da aji huɗu, inda aka riga aka rarrabu sashe-sashe?

Na biyu shi ne tsoron son rai. Ana cewa kwamfuta ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar na goro, ba ta neman ɗaliba da lalata. Da zarar an mayar da maki hannun mutum, an buɗe ƙofar zalunci. Wannan ita ce hujja mafi nauyi da ke gabanmu, kuma ba za mu raina ta ba, domin 'ya'yanmu mata ne abin ya fi shafa. Amma gudun gara ba ya sa a faɗa gidan zago. Maganin son rai sananne ne: a buga ma'auni kowa ya gani, a duba takarda da lamba ba da suna ba, mutum biyu su duba wani kaso na takardun, kada a yi gwajin baka sai da malamai biyu a buɗaɗɗen wuri tare da rubuta abin da ya gudana, a ba ɗalibi damar ganin takardarsa da ɗaukaka ƙara. Malamin da ya san zai kare makin da ya bayar a gaban abokin aikinsa ya fi wanda ba mai duba shi taka-tsantsan. Zalunci a duhu yake ƙiba.

Na uku shi ne cewa sai da sani ake tunani. Haka ne. Wanda bai san yadda kacalla ke yaɗuwa ba, ba shi da abin da zai kafa hujja da shi, kuma akwai masana ilimi da suka soki tsarin warware matsala da cewa yana jefa mafari cikin kogi tun bai koyi iyo ba. Ba mu ƙi hadda ba. Mu ne muke sa yara haddace jadawalin sau, kuma za mu ci gaba. Canki-canka tana da wurinta wajen gwada abin da aka sani, har Maastricht ma tana amfani da ita. Abin da muka ƙi shi ne a gina harsashi shekara huɗu a ce an gama gida. A Amurka, Richard Arum da Josipa Roksa sun bi ɗalibai fiye da 2,300, suka wallafa a 2011 cewa kashi 45 cikin ɗari ba su nuna wani ci gaba na a-zo-a-gani ba wajen nazari da rubutu bayan shekara biyu a jami'a. Labari ne marar daɗi, amma sun same shi ne don sun auna. Mu nan ko mudun ba mu ɗauko ba.

Na huɗu shi ne mafi rauni, ko da yake ya fi yawo: wai muhawara tarbiyyar Turawa ce, za ta koya wa yaranmu tsaurin ido. Mai wannan magana bai san gidansu ba. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Misra yana kare halaccin ilimin manɗiƙi. A zaurukan karatu na ƙasar Hausa an daɗe ana karanta Sullam na Ahdari a wannan fanni. Malaman Musulunci suna da fanni sukutum na ladubban bincike da munazara, wanda ya tsara abin da mai suka zai iya yi: ko ya nemi dalilin wata gaba, ko ya nuna cewa dalilin ya warware a wani wuri, ko ya kawo dalilin da ya tunkuɗe shi. Da Shehu Muhammadu Al-Kanemi na Barno ya rubuto yana tuhumar hujjar yaƙar ƙasarsa, Muhammadu Bello ya amsa masa gaba-gaba, ya kuma adana wasiƙun cikin Infaƙul Maisuri, har da kalaman abokin hamayyarsa. Wannan shi ne gadonmu. Yaron da aka koya wa neman dalili cikin ladabi ba ya zama marar kunya. Wanda ba a koya wa ba shi ne ke gaskata duk saƙon da ya faɗo wayarsa ta WhatsApp, shi ne kuma ganimar duk mai neman 'yan bangar siyasa ko 'yan tsattsauran ra'ayi.

Akwai kuma masu juyo da yatsa gare mu, su ce ku ne kuke turo mana yaran da ba su iya rubuta jimla ɗaya da Turanci ba. To, malaman da suka koyar da waɗannan yara, wa ya horar da su, wa ya ba su shaida? Zobe ne, kuma wanda ke riƙe da hatimi shi ya fi ikon yanke shi. Ban da haka, raunin Turanci daban, raunin tunani daban. Mun sha ganin yaron da ke in'ina da Turanci, amma in aka ba shi dama da Hausa sai ya warware matsala tiryan-tiryan. Ma'auni na gaskiya zai ware makin harshe da makin hujja, don kada a binne mai hankali saboda nahawun Ingilishi, kada kuma a ɗaga mai zaƙin baki da ba ya ɗauke da komai.

Abin da muke nema

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Malaman jami'a da na kwaleji 'yan uwanmu ne a sana'a, da yawansu ma daga cikinmu suka fito, kuma mun san akwai waɗanda ke yin wannan aiki su kaɗai ba tare da an sa su ba, ba kuma tare da an gode musu ba. Saboda su da saboda yaranmu muke gabatar da waɗannan buƙatu.

Na ɗaya, ga jami'o'i da kwalejojin da ke yaye malamai a jihar nan da maƙwabtanta, daga Jami'ar Bayero da Sa'adatu Rimi har zuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya: duk darasin da aka ce ana koyar da shi ta hanyar warware matsala, a ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na makinsa ga hujjar da ɗalibi ya rubuta ko ya kare da kansa a gaban malamai, a kuma ba shi ma'aunin tun makon farko.

Na biyu, a daina ba rukuni maki ɗaya dunƙule. Kowane ɗalibi ya amsa tambaya kan aikin da sunansa ke kai, haka ma kundin kammala karatu.

Na uku, ga NUC da Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa: idan masu tantancewa suka zo, kada su tsaya ga ƙirga kujeru da littattafai. Su ɗebi takardun jarrabawa da amsoshin ɗalibai, su duba kashi nawa ne na tambayoyin ke neman dalili, su sa abin da suka gani cikin hukuncinsu.

Na huɗu, ga TRCN: lasisin koyarwa ya haɗa da aikin rubutu kan matsalar aji ta gaske. Ba a ba direba lasisi don ya canki hoton sitiyari.

Na biyar, ga Gwamnatin Jihar Kano, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yuni na 2024: gyaran azuzuwa da ɗaukar malamai abin yabo ne, amma a sa horar da malamai kan auna tunani cikin kasafin, a kuma riƙa kawo bitar Ƙaraye da Rogo, maimakon a tara mutum goma a otal a birni a ce an horar da jiha. Duk wani gwajin cancanta da za a yi wa malamai nan gaba, a zauna da ƙungiya a kan abin da zai auna, kuma ya zama na gyara.

Na shida, gare mu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowace makaranta a wannan reshe ta farfaɗo da ƙungiyar muhawara, da Hausa da Turanci, a kan batutuwan da yara suka sani: burtali da gona, taki na zamani da na gargajiya, talla da karatu. A kowace jarrabawar zango a sa aƙalla tambaya ɗaya da ke ƙarewa da "kawo dalilinka". Duk wanda aka ba ɗalibin koyarwar gwaji ya kula da shi, ya rubuta a rahotonsa yadda ɗalibin ke karɓar tambayar yara, ko da fom ɗin bai tanadi gurbin haka ba.

Muna roƙon wakilan makarantu su tattauna waɗannan buƙatu da abokan aikinsu, su zo taron reshe mai zuwa da gyare-gyarensu da samfurin tambayoyin da suka gwada a aji, domin mu miƙa matsaya ɗaya ga shugabannin ƙungiya na jiha. Wanda bai yarda da mu ba, shafin nan a buɗe yake gare shi a fitowa ta gaba. Sharaɗi ɗaya ne: ya zo da dalilinsa.